Kwaɗon Penton: ƙaramin kwaɗon Sahel da ke wuce rani a ƙarƙashin ƙasa

Kwaɗon Penton, wanda masana halittu ke kira Sclerophrys pentoni, kwaɗon tudu ne gajere mai kaurin jiki da ke rayuwa a busassun yankunan Sahel, tun daga Muritaniya da Senegal a yamma har zuwa Sudan da Eritriya a gaɓar Bahar Maliya. Nijar na cikin ƙasashen da aka tabbatar da kasancewarsa, kuma ƙasar Damagaram, mai jigawa da fadamu da tabkunan damana, tana tsakiyar irin mazaunin da ya dace da shi. Mafi yawan shekara a ɓoye yake cikin ƙasa. Cinsa da girmansa da haihuwarsa duk a cikin wata uku ko huɗu na damana yake yin su. Saboda haka rayuwarsa ta rataya a kan abu biyu: ƙasa mai laima da zai ɓuya a ciki da rani, da ruwan da zai kwanta kamar mako biyu bayan saukar ruwan sama.

Suna

Bahaushe kan kira duk dangin nan da sunan kwaɗo, jam'insa kwaɗi, sai dai in ana son bambancewa a ce kwaɗon tudu ga mai kaushin fata, kwaɗon ruwa ga mai santsi. Masana sun sa kwaɗin tudu na ainihi cikin babban dangi guda mai suna Bufonidae, wanda ke da nau'i fiye da 600 a duniya.

Wanda ya fara rubuta bayanin wannan nau'in shi ne John Anderson, masanin dabbobi ɗan Sikotilan, a shekarar 1893. Kwaɗin da ya yi aiki da su an kamo su ne a garake na Shaata, kusa da garin Suwakin na Sudan. Ya raɗa masa suna Bufo pentoni don girmama wani likitan sojan Birtaniya mai suna Penton da ya yi aiki a can. Wannan sunan ne ke cikin tsofaffin littattafan Faransanci, tare da crapaud de Penton. Daga shekarar 2006 binciken ƙwayoyin gado ya sa aka rarraba tsohon gidan Bufo, kuma a yau galibin kwaɗin tudu na Afirka, fiye da nau'i 40, suna ƙarƙashin sunan Sclerophrys.

Kamanni

Tsawon babba daga baki zuwa gindi yakan kama daga santimita 5 zuwa 9, wato yana zama a tafin hannu. Mace ta fi namiji girma. Jikinsa a dunƙule yake, bakinsa gajere, ƙafafunsa gajeru, shi ya sa tsallensa ba shi da nisa. Launin bayansa tsakanin toka-toka ne da ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗigo masu duhu, cikinsa kuma fari-fari. A kan yashi ko busasshiyar laka, in bai motsa ba da wuya ido ya kama shi.

Fatar bayansa cike take da ƴan gudaje. A bayan kowane ido akwai wani ƙululu mai faɗi inda dafinsa ke taruwa, kuma wannan ƙululun shi ne babbar alamar kwaɗin tudu na ainihi. Ƙasa da ido kaɗan, ta baya, akwai wani ɗan faifai zagayayye, shi ne dodon kunnensa. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Harshensa a gaban baki yake manne, sai ya wurgo shi waje ya liƙe ƙwaro ya maido shi ciki kafin ƙiftawar ido. A dunduniyar ƙafafun baya yana da wani tauri mai kama da bakin ƙaramar hauya, da shi yake tona ƙasa.

A lokacin haihuwa maƙogwaron namiji yakan yi duhu, kuma wani kaushi yakan fito masa a yatsun hannu, wanda ke taimaka masa riƙe mace a cikin ruwa.

Ƙasar Damagaram a matsayin mazauni

Birnin Damagaram yana samun ruwan sama kimanin milimita 400 a shekara, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta ya fi kowane wata. In aka yi kudu wajen Magarya da Matamai ruwan yakan haura milimita 500, in aka yi arewa wajen Tanut a ƙasar Damargu sai ya gaza 300. Daga Oktoba zuwa Mayu kusan babu ruwa. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan wuce digiri 40, saman yashi kuwa da tsakar rana yakan haura digiri 60.

Birnin yana zaune a kan dutse, kamar yadda manyan duwatsun unguwar Birni ke nunawa. Wannan ne ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙaranci, har ake jawo ruwan sha daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, masu nisa da gari. Amma dutsen nan da laka da ke kansa suna hana ruwan sama nutsewa da wuri, sai ya taru a kwaruruka ya zama tabki. Akwai kuma ramukan da mutane suka haƙa. Ganuwar Birni, wadda aka gina zamanin Sarki Tanimun a tsakiyar ƙarni na 19, da fada da gidajen gari duk da ƙasa aka yi su, kuma a ƙasar Hausa duk inda aka ɗebi ƙasar gini da yawa nan kududdufi yake zama. Haka ma ramukan da masu aikin hanya ke bari a gefen kwalta.

Jihar tana da manyan ruwaye da ke daɗewa, irin su tabkin Gidimuni da na Lasuri, waɗanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Lasuri a 2005, Gidimuni a 2019, da kuma fadamun Korama a kudu. Sai dai kwaɗon Penton bai dogara da irin waɗannan ba. Ƙananan ruwaye marasa zurfi da ke cika dare ɗaya su ƙafe bayan ƴan makonni su ne wurin haihuwarsa, domin a cikinsu babu kifin da zai cinye masa ƙwai da ƴaƴa.

Yadda yake wuce rani

Babbar matsalar kowane kwaɗo a busasshiyar ƙasa ita ce fatarsa. Ba ta riƙe ruwa kamar fatar ƙadangare ko maciji. Ruwa na fita ta cikinta kusan kamar yadda yake tashi daga buɗaɗɗen kwano, kuma kwaɗon da aka bari a fili cikin iskar hunturu ba zai daɗe ba zai bushe ya mutu. Mafita ɗaya ce, ya bar saman ƙasa.

Da kaka ta yi, ƙasa ta fara bushewa, sai ya nemi wuri mai taushi ya tona da ƙafafun baya, yana shiga da baya da baya har yashi ya rufe shi. Wasu kuma sukan shige tsagar laka, ko ramin ɓera, ko gindin suri, ko ƙarƙashin dutse. Zafin rana ba ya ratsa ƙasa da nisa. A zurfin kamu biyu kawai bambancin zafin rana da sanyin dare ya kusa ɓacewa, kuma iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa tana da laima ko da saman ya zama ƙura.

A cikin ramin komai na jikinsa yakan lafa. Numfashi da bugun zuciya su ragu, ya daina ci, ya koma rayuwa da kitsen da ya tara a cikinsa lokacin damana. Wanda bai ci ya ƙoshi ba a Agusta da Satumba ba lalle ya ga Yuni ba.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. A ƙasan cikinsa, tsakanin cinyoyi, akwai wata fata mai laushi da jijiyoyin jini da yawa, ita yake dannawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tsotsi ruwa. Mafitsararsa kuma tamkar salka ce. Yakan cika ta da fitsari mai tsarki kusan kamar ruwa kafin ya ɓuya, daga baya jiki ya riƙa jan ruwan yana maidowa cikin jini. A wasu kwaɗin hamada da aka auna, ruwan mafitsara yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jiki. Wannan ruwan ne kwaɗo ke saki idan an ɗauke shi a hannu, kuma wanda aka tono da rani ya zubar da shi ya yi asarar guzurinsa.

Binciken da aka yi kan kwaɗin hamadar Arizona a Amurka ya nuna wata dabara kuma. Maimakon su fitar da sinadarin da ke cikin fitsari, sai su bar shi ya taru a jininsu, ya riƙa jawo laima daga ƙasa zuwa jiki kamar yadda gishiri ke jan danshi.

Manoman fadama sun san irin wannan kwanciya a wajen gaiwa, kifin da ke naɗe kansa cikin laka in tabki ya ƙafe ya jira wata damana. Manyan kwaɗin gidan Pyxicephalus su ma sukan lulluɓe jikinsu da saɓar fatarsu, hawa-hawa, ta zama kwanso mai hana ruwa fita. Kwaɗin tudu na dangin Bufonidae ba su yin wannan kwanso, don haka zaɓen wurin ɓuya mai laima ya zame musu batun rai da mutuwa.

Daren ruwan farko

Yayyafi ba ya fito da shi. Sai an yi ruwa mai ƙarfi wanda ya jiƙa ƙasa har inda yake kwance, ya kuma cika kwaruruka. A irin wannan dare kwaɗi kan fito da yawa lokaci guda, har wasu mutane ke cewa tare da ruwan suka faɗo daga sama. A ƙarƙashin ƙafafun mutane suke tun kakar bara.

Maza ne ke fara isa bakin ruwa. Kowanne ya hura jakar maƙogwaronsa ya shiga kira, kuma kowane nau'in kwaɗo da irin kukansa, wanda mace ke gane nata da shi ko da nau'i huɗu ko biyar na kuka a tabki ɗaya. In mace ta iso sai namiji ya hau bayanta ya riƙe ta ta ƙarƙashin hammata. Cikin gaggawa namiji yakan kama ɗan'uwansa namiji, shi kuwa wanda aka kama ya yi wani gajeren gurnani da ke sa a sake shi.

Mace na zuba ƙwai a ruwa mara zurfi, namiji na zuba maniyyi a kansu a waje. Ƙwan kwaɗin tudu ba a dunƙule yake fitowa ba. Zare biyu ne dogaye masu yauƙi, baƙaƙen ƙwayaye jere a ciki kamar carbi, suna naɗewa a jikin ciyawa. Mace ɗaya takan zuba dubbai. Daga nan iyaye su watse, ba mai gadi.

Tsere da ƙafewar tabki

A ruwa mai ɗumi ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ke fitowa ƙananan halittu ne baƙaƙe masu kai da wutsiya, ba hannu ba ƙafa, suna numfashi a ruwa kamar kifi, suna kankarar gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Sukan taru a gefen tabki inda ruwa ya fi ɗumi, domin ɗumi na hanzarta girmansu. Ƙafafun baya ne ke fara fitowa, sannan na gaba, huhu ya kammala, jiki ya tsotse wutsiya, sai ɗan kwaɗo ya fito tudu.

A wajen kwaɗon Penton duk wannan yakan kammala cikin kusan mako biyu. Kwaɗon tudu na Turai yana bukatar wata biyu zuwa uku. Wani kwaɗon hamadar Amurka, Scaphiopus couchii, yakan gama cikin kwana takwas ko tara. Gaggawar nan dole ce, domin tabkin da zurfinsa bai wuce taƙi ba rana da ƙasa na shanye shi kowace rana. Idan ruwa ya ɗauke kwana goma ko fiye a farkon damana, abin da ke faruwa sau da yawa a Yuni da Yuli, ƴaƴan kan taru a ɗan ragowar taɓo su mutu gaba ɗaya. Irin wannan tsaikon ne ke ƙona shukar hatsi ya sa manomi sake shuka, kuma kwaɗi ma sukan koma bakin ruwa in an sake yin ruwa mai ƙarfi.

Tabkin da ya daɗe yana da nasa haɗari. Tsutsotsin ƙwarin ruwa da manyan buzuzun ruwa da kififiya suna cin ƴaƴan kwaɗi, haka ma tarwaɗa in ambaliya ta shigo da ita. Ƴaƴan babban kwaɗon ruwa Hoplobatrachus occipitalis masu cin nama ne, kuma ƴaƴan sauran kwaɗi na cikin abincinsu. Cikin dubban ƙwai, ƙalilan ne ke kaiwa tudu.

Ɗan kwaɗon da ya fito bai fi ƙwayar wake ba. Ƙanƙantarsa na sa ya bushe da sauri fiye da babba, don haka yakan ɓuya cikin tsagar laka da gindin ciyawa da rana. Yana da ƴan makonni kawai ya ci ya yi jiki kafin iskar kaka ta taso. Waɗanda aka haifa a ƙarshen damana su suka fi shiga haɗari a raninsu na farko.

Abinci

Da dare yake farauta. Yakan zauna shiru ya jira abin da ke motsi, ko ya bi shi da ɗan taku. Abin da bai motsa ba ba ya kula shi. Masu bincike na Faransa da suka duba cikin waɗannan kwaɗi a Sahel ɗin arewacin Senegal a shekarun 1970 sun tarar da ƙwari ne abincinsu, musamman tururuwa da gara da buzuzu iri-iri. Fitowarsa ta dace da tashin shinge bayan ruwan farko, kuma shinge abinci ne mai maiƙo da ke maido masa da abin da ya rasa a rani. A cikin gari kwaɗin tudu sukan taru ƙarƙashin fitila inda ƙwari ke faɗowa. Wajen haɗiya idanunsa kan lotsa ciki su taimaka wajen tura abinci maƙogwaro. Saɓar fatarsa ma cinye ta yake yi.

A gona da garka yana rage ƙwarin da ke yawo a ƙasa da dare, har da gyare da tsutsa da ƙananan fara. Amma kwaɗo ba maganin sauro ba ne. Sauro kaɗan ne cikin abincin babba, ƴaƴansa kuma gansakuka suka fi ci. Tabkin da ke cike da kwaɗi yana iya zama cike da tsutsar sauro.

Dafi da maƙiya

Idan aka matsa masa, wani farin ruwa mai kauri kamar madara yakan fito daga ƙululun bayan ido da gudajen fata. Yana da ɗaci, yana kuma ɗauke da sinadarai da ake kira bufadiyenolid, masu taɓa bugun zuciya. Kare ko kyanwar da ta cafke shi takan sake shi nan take, baki na kumfa. Kwaɗo ba ya cizo, ba ya harbi, kuma taɓa shi ba ya sa wa mutum ƙuraje. Abin kiyayewa shi ne kada ruwan ya shiga ido ko baki ko rauni. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Haɗiye dafin, ko cin fatar ko ƙwan, yana iya yin illa mai tsanani, musamman ga yara.

Wata kariyar kuma ita ce kumbura. Yakan cika huhu da iska ya ɗaga jiki ya sunkuyar da kai, don ya fi ƙarfin bakin maciji. Duk da haka yana da maƙiya. Gamsheƙa na cin kwaɗin tudu, kuma neman su na cikin abin da ke kawo ta bakin rijiya da makwararar ruwa a gidaje. A dazuzzukan Afirka ta Yamma akwai wani ɗan maciji, Causus maculatus, da kusan kwaɗi ne kaɗai abincinsa, dafinsu ba ya yi masa komai. Guza da damo da zalɓe da balbela da shamuwa sukan ɗauki ƙanana. Bushiya kuwa, wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1977 ya nuna takan tauna fatar kwaɗo ta shafa dafin a ƙayoyinta, ya ƙara wa sukarta zafi.

Kwaɗin da ake rikita shi da su

Sclerophrys xeros shi ne maƙwabcinsa mafi kusa a Sahel. Mills Tandy da abokan aikinsa uku ne suka bayyana shi a 1976 daga garin Ginda na Eritriya, kuma kalmar xeros a Girkanci na nufin busasshe. Ana gane shi da jan zane a bayan cinyoyinsa. Yana kaiwa arewa har cikin ramukan ruwa na duwatsun Ayar. Ana ɗaukar waɗannan na cikin hamada a matsayin ragowar zamanin da Sahara ke da tabkuna da ciyawa, tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, zamanin da mutanen Gobero a Tenere ke kamun kifi a bakin tabki.

Sclerophrys regularis shi ne kwaɗon gida da aka fi sani a Afirka, mai kuka kamar minshari. Ya fi na Penton girma da tsawon jiki, kuma ya fi son wurin da ruwa ba ya yankewa, irin garake da bakin rijiyoyi, inda ake ganinsa ko da rani.

Kwaɗin yashi na gidan Tomopterna ƙanana ne, santimita 4 zuwa 5, a dunƙule kamar na Penton, kuma su ma da baya suke shiga ƙasa. Ba su da ƙululun dafi a bayan ido, don ba kwaɗin tudu na ainihi ba ne. Kukansu siriri ne mai ƙara.

Hoplobatrachus occipitalis kwaɗon ruwa ne babba mai santsi, idanunsa a saman kai, ƙafafunsa dogaye. Yana cikin manyan kwaɗin da ake ci, irin waɗanda ake kira burduddugi.

Kwaɗo da mutane

Kukan kwaɗi, kamar zuwan shamuwa, alama ce ta cewa damana ta kama. Karin magana ma ya san halinsa, shi ya sa ake cewa ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne. Alƙur'ani ya ambaci kwaɗi a Suratul A'araf cikin ayoyin da aka aika wa mutanen Fir'auna. Akwai kuma hadisi a littafin Abu Dawuda da ya zo da hani ga kashe kwaɗo, lokacin da wani mai magani ya yi tambaya kan sa shi cikin magani. Malaman mazhabobi sun saɓa kan hukuncin cinsa.

Cinikin kwaɗi babban al'amari ne a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka buga a 2010 ya gano cewa masu kamun kwaɗi 32 kacal a Najeriya suna sayar da fiye da miliyan 2 da rabi a shekara, galibi busassu ko ƙyafaffu, kuma ana shigo da wasu daga ƙasashe maƙwabta. Kusan duka Hoplobatrachus ne. Dafin fata ya sa kwaɗin tudu ba su cikin wannan kasuwa sosai.

Matsayinsa da abin da ke yi masa barazana

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta sa kwaɗon Penton cikin rukunin da ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin yankin da yake zaune. Wannan ya bambanta da halin danginsa a duniya. Ƙididdigar da aka fitar a Oktoban 2023, wadda ta shafi nau'i fiye da 8,000 na kwaɗi da sauran dabbobi masu rayuwa a ruwa da tudu, ta nuna kashi 41 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa. Cutar fumfunar fata da ta hallaka kwaɗi da yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya ta fi ƙarfi a wurare masu sanyi da laima, ba ta jure zafi irin na Sahel.

Amma nau'in da ke da yawa a nahiya yana iya ɓacewa daga unguwa ko ƙauye. Abu na farko shi ne sauyin ruwan sama. Farin shekarun 1973 da 1984 ya nuna yadda damana ke iya gazawa, kuma shekarar da tabki bai riƙe ruwa mako biyu ba, babu sabon ɗan kwaɗo a wurin. Ruwa mai yawa fiye da kima, irin na 2024 da ya rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba, shi ma yakan share ƙwai ya kuma haɗa ƙananan tabkuna da manya masu kifi.

Na biyu shi ne cike tabkuna. Yayin da gari ke faɗaɗa, ana cike kududdufai da shara ko a yi gini a kansu. Akwai dalilai na gaske da ke sa mutane son rabuwa da su, kamar sauro da nutsewar yara da ƙazanta. Sai dai kududdufi shi ne ke karɓar ruwan unguwa, kuma in an cike shi ba tare da magudana ba ruwan gidaje yake shiga.

Na uku shi ne guba. Fatar da ke tsotsar ruwa tana tsotsar duk abin da ke cikinsa. Maganin ƙwari da na ciyawa da ake fesawa a gonaki da garake, da wanke famfon feshi a tabki, da baƙin mai da tsofaffin batura, duk suna isa ga ƙwai da ƴaƴan kwaɗi kai tsaye. Feshi yana kuma kashe ƙwarin da manya ke ci a ɗan lokacin da suke da shi na tara kitse. Motoci ma na taka da yawa a kan kwalta a daren da suke tafiya zuwa ruwa.

Akwai ayyukan da ke amfanar gona su kuma bar wa kwaɗo wurin zama. Barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gona, aikin da manoman jihohin Damagaram da Maraɗi suka yi fice a kai tun shekarun 1980, yana ƙara inuwa da ruɓaɓɓen ganye a ƙasa. Ramukan tasa da na rabin wata suna riƙe laima a fako. Wanke kayan feshi nesa da tabki, da maida ƙasa a kan kwaɗon da aka tono wajen haƙa da rani, ba su cin kuɗi.

Lokacin ganinsa

Wanda ke son ganin kwaɗon Penton ya fita da tocila bayan sallar isha'i a daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, tsakanin ƙarshen Yuni da Yuli, ya duba gefen ƙananan ruwaye a bayan gari, da takalmi rufaffe saboda macizai da kunama. Kashegari da safe zaren ƙwai na nan a jikin ciyawa. Bayan kamar mako biyu, in ruwan bai ƙafe ba, ƴan kwaɗi za su cika bakin tabkin. Tun da kowane nau'i da kukansa, muryar da aka ɗauka da wayar salula, tare da hoton bayan kwaɗon da na cinyarsa da sunan wuri da kwanan wata, ta isa masani ya faɗi nau'in da ke wurin.